Gorin Kawu da Gwiwar Bahago

An taɓa yin wani mai walda a wani gari, gwani ne a sana'arsa. In ka ga ƙofar da ya haɗa, ba sai an gaya maka aikin wane ne ba. Shagonsa yana bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, rodi da fallayen ƙarfe jingine da bango, yara masu koyon aiki suna kai da kawo. Tun da safe za ka ji ƙarar injin yankan ƙarfe, ka ga tartsatsi yana tashi har bakin kwalta.

Ya 'yan uwa, da alherinsa zan fara, domin mutumin nan yana da alheri, kuma zalunci ne in ɓoye shi.

Mijin ƙanwarsa ya rasu ya bar ta da ɗa guda, yaron ko makaranta bai shiga ba. Mai walda bai jira an roƙe shi ba. Ya gyara ɗakuna biyu a bayan gidansa, ya ɗauko su. Ƙanwar tela ce, ta kafa kekenta a ɗaki ɗaya, suna kwana a ɗayan. Shi ya kai yaron makaranta. Shi ya saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti ran da zazzaɓi ya kayar da shi. Yaron ya tashi yana ce masa Kawu, har unguwa ta ɗauka, manya da yara, har masu kawo aiki daga nesa. Ni ma Kawu zan ce masa.

Yaron nan tun yana ƙarami ba abin da zai gani a ƙasa ya bar shi ya huta. Gwangwanin fenti, ledar da aka dunƙule, takalmin wani da aka cire a ƙofar ɗaki, duk sai ya buga, kuma da ƙafar hagu. Shi ya sa aka laƙaba masa Bahago. Kawu ya ga haka, bai hana shi ba. Ya tattara ragowar bututun ƙarfe ya haɗa wa yaran unguwa turakun raga, ya kafa musu a filin bayan makaranta. Takalmin ƙwallo na farko da Bahago ya sa, Kawu ne ya saya.

Duk wannan alheri ne, kuma muna roƙon Allah kada ya tozarta shi.

Sai dai Kawu yana da hali guda. Ba ya iya yin alheri ya bar shi ya kwanta. In ya ba ka ruwa yau, gobe sai ya tare ka a gaban mutane ya tambaye ka ko ƙishin ya tafi. Mutane sun san shi da haka, suna dariya, suna cewa ai Kawu ne. Ba wanda ya ɗauka abin zai kai inda ya kai.

Bahago ya girma. Yana ɗan shekara sha tara babbar ƙungiyar garin, ta ƙwararru, wadda 'yan wasanta da ƙwallo suke ci da iyalinsu, ta yi gwajin matasa. Cikin ɗimbin da suka je, aka ɗauke shi. Da labari ya iso gida, uwarsa ta sauko daga kan keke ta yi sujada a nan tsakiyar ƙyallaye da zare, ta daɗe ba ta ɗago ba. Kawu kuwa ya kashe inji, ya fita titi, bai bar ko mai faci bai gaya masa ba.

Kocin ƙungiyar dattijo ne mai furfura, 'yan wasa suna ce masa Tsoho a bayan idonsa. Ya aika aka kira uwar da Kawu zuwa ofishinsa, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo, mai warin man shafawa da jiƙaƙƙun riguna. Ya ba su kujera, shi ya zauna a kan akwatin ƙwallaye.

Ya ce, "Yaronku yana da ƙafa. Abin da bai da shi tukuna shi ne jiki. Waɗanda zai kara da su magidanta ne, abincin 'ya'yansu suke karewa, ba za su tausaya masa ba. Ku ba ni shi in riƙa saka shi kaɗan-kaɗan. Zai fara zama a benci yana kallo. Daga baya in sa shi a ƙarshen wasa, idan abokan hamayya sun gaji. In jiki ya yi ƙwari, zai fara wasa, kuma in Allah ya yarda zai daɗe yana yi."

Uwar ta ce, "Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Ɗanka ne."

Kawu ya ce, "To, ma gani."

Na san matasan da ke zaune a nan kun fi ni sanin wannan gardama. Kullum ina jin ku a bakin shago. Wannan ya ce sabon ɗan wasa a jefa shi cikin fili kawai, a can zai koya. Wancan ya ce a'a, a lallaɓa shi. Ni ba zan raba muku ba, domin har yau an kasa fahimtar da ni abin da ake kira satar gida. Na yarda akwai yaron da ya isa tun ranar farko, akwai wanda bai isa ba, kuma masu aikin su suka san bambancin. Abin da ya kawo ni shi ne zuciyar mutumin da aka ba shi kaɗan ya raina.

Shi Bahago bai raina ba. Murna yake yi. Ya dawo daga fili bai taɓa ƙwallo ba, amma bakinsa bai rufuwa. Ya zauna kusa da keken uwarsa yana ba ta labari: yadda kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa inda ɗan bayan abokan hamayya yake barin gurbi, yadda Koci ya ce ya zuba ido a kan mutum ɗaya tun daga farko har ƙarshe ya gaya masa abin da ya gani. Uwar ba ta gane rabin zancen ba, tana dai taka keke tana cewa alhamdulillahi.

Aka shiga tsakiyar kaka, Tsoho ya fara sa shi a rubu'in awan ƙarshe. Wata ranar, ana kunnen doki, lokaci ya kusa cika, ƙwallo ta faɗo masa a gefen hagu. Ya wuce mutum ɗaya, ya ɗaga kai, ya buga. Ta shiga. Filin ya ɗauki sowa, manyan 'yan wasa suka danne shi a ƙasa don murna.

Washegari shagon Kawu ya cika, kuma ba masu neman ƙofa ba ne. Kowa da abin da yake faɗa. "Kawu, ai wannan yaro zinariya ne." "Kawu, da ɗan wani babba ne da tuni shi ke farawa." Kawu ya ajiye abin walda, ya zauna a kan benci, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya ci ƙwallon.

Wasa na gaba ya kwashi abokansa ya kai su fili, ya gaya musu yau Bahago zai fara, ba makawa. Aka fito, sai ga Bahago ya nufi benci da rigar sama a jikinsa. Aka yi rabin lokaci, yana zaune. Wani daga cikin abokan, direban tifa mai barkwanci, ya ce, "Kawu, wai bencin nan kai ka yi waldarsa? Na ga yaron ya manne." Aka kwashe da dariya. Kawu ma ya yi yaƙe, amma maganar ta shige shi.

A ranar an sa Bahago a ƙarshe, ya yi wasa mai kyau, ƙungiya ta ci. Kowa ya koma gida da farin ciki ban da mutum ɗaya.

Ya 'yan uwa, ku duba nan da kyau. Me aka rage wa Kawu? Maraya ne ya riƙe, ga shi ya zama mutum, yana da aikin yi, yana hannun dattijon da ke tattalinsa. Shekara guda kafin nan, da an ce masa yaronka zai sa rigar ƙungiyar nan ko da na minti ɗaya ne, da ya yi kuka don murna. Yanzu an ba shi, yana ƙirga abin da ba a ba shi ba.

Daga nan ya fara barin shago. Da safe maimakon ya buɗe inji, sai ya tafi filin atisaye ya tsaya a bayan waya yana harɗe da hannu. Babban yaron shagonsa, wani natsattse da ake ce wa Dogo, shi ke ba masu aiki haƙuri. Mai gida ya zo neman tagoginsa, a ce Kawu ya fita. Ya dawo mako mai zuwa, a ce Kawu ya fita. Da Dogo ya yi masa magana cikin ladabi, sai Kawu ya tuna masa ranar da ubansa ya kawo shi ba ya ko iya riƙe guduma. Dogo ya koma kan aikinsa.

Ana cikin haka Bahago ya fara jin ciwo a gwiwar hagu bayan atisaye. Likitan ƙungiya ya duba, ya ɗauki hoto, ya kira Kawu a matsayinsa na uba ya nuna masa. Ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ɗan tsage, ba ta katse ba. In aka huta 'yan makonni aka yi motsa jikin da ya dace, za ta warke sarai. In aka matsa mata, za ta tsinke. Tsoho ya cire yaron daga jerin 'yan wasa gaba ɗaya, ko bencin ma ya ce ya bari sai ya warke.

Kawu ya ga hoton da idonsa. Ya ji bayanin da kunnensa. Amma zuciyar da ta riga ta cika da zargi, ko me aka nuna mata zargi take gani. Ya ce makirci ne.

Akwai wani shirin wasanni a gidan rediyon garin da masu sauraro ke buga waya. Kawu ya buga. Ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya ce kocin nan sai an ba shi na goro yake saka ɗan wasa, wanda bai bayar ba sai a ƙirƙira masa ciwo. Ya ce shi shaida ne. Ba shi da hujja ko ɗaya. Bai taɓa gani ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Zafin zuciya ne ya ɗora wa dattijo abin da bai yi ba, gari guda yana ji.

Magana ta bazu. Shugabannin ƙungiya suka dakatar da Tsoho har a yi bincike. Mutumin da ya yi shekaru yana shiga filin nan da mutuncinsa ya kwashe kayansa a jaka ya fita ta ƙofar baya.

A daidai lokacin wata ƙungiya ta wani gari, wadda ke gab da faɗawa rukunin ƙasa, ta turo mutum wurin Kawu. Suna neman wanda zai ci musu ƙwallo ko ta halin ƙaƙa. Suka yi alkawarin Bahago zai buga kowane wasa daga farko har ƙarshe. Shugabannin tsohuwar ƙungiyar sun gaji da hayaniyar Kawu, suka ce in yaron yana son tafiya ba za su riƙe shi ba.

Saura yardar Bahago.

Da la'asar Kawu ya shiga ɗakin ɗinki. Uwar tana kan keke, Bahago yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya ɗora ƙanƙara a gwiwa. Kawu ya gaya musu abin da ya shirya.

Bahago ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ni ba na son tafiya. Gwiwar nan da gaske tana ciwo. Kuma Koci bai taɓa neman komai a hannuna ba."

Kawu ya ce, "Ni kake gaya wa ba ka so?"

"Ba haka nake nufi ba, Kawu."

"Ran da ubanka ya mutu, kocin ne ya zo ya ɗauke ku? Shi ya kai ka makaranta? Takalmin da ka fara bugawa da shi, shi ya saya? Yau ka yi gemu, baƙo ya fi ni."

Uwar ta tsayar da keke ta ce, "Yaya, don girman Allah, a bar yaron nan ya warke tukuna."

Ya juya ya dube ta ya ce, "Ke ma ɗakin da kike zaune a ciki kina ba ni shawara, wa ya gina shi?"

Ta mai da idonta kan rigar da ke ƙarƙashin allura, ba ta ci gaba da ɗinkin ba.

Can Bahago ya ce, "Ban manta ba, Kawu. Ko ɗaya ban manta ba. Zan tafi."

Kawu ya ce in an zo duba lafiyarsa a can, kada ya kuskura ya ambaci gwiwa. Ya sayo masa ƙwayoyin kashe ciwo ya sa masa a jaka.

Kun ga abin da gori yake yi? Yaron nan mai godiya ne, kuma da godiyar tasa aka ɗaure shi. Da butulu ne, da ya ce ba zan je ba, ya tsira da ƙafarsa. Ba ina cewa ya yi daidai da ya ɓoye ciwo ba. Shi da bakinsa yana cewa kuskure ne, domin biyayya ba ta kai ga yin ƙarya. Amma wa ya fi laifi, wanda aka matsa ko wanda ya matsa?

Ya tafi. Aka cika masa alkawari, har aka wuce. Ya buga kowane wasa, wani makon sau biyu, ga doguwar tafiya a mota ƙafa a lanƙwashe. Makonnin farko ya ci ƙwallaye, sunansa ya fito a rediyo. Kawu ya riƙa bin motar ƙungiya gari-gari, in ya dawo unguwa yana tafe yana cewa, "Ina masu cewa bai isa ba?" Bai ga yadda gwiwar ke kumbura bayan kowane wasa ba. Ko kuma ya gani ya kau da kai. Da ƙwaya ta daina aiki, aka koma allura.

Ranar da abin ya faru, da rana ne tsaka, fili cike. Ba wanda ya taɓa shi. Ya karɓi ƙwallo, ya dasa ƙafar hagu zai juya, sai kawai ya zube. Kawu yana cikin 'yan kallo, ya miƙe yana cewa ya tashi, ya tashi mana. Sai ya lura yaron ba ya birgima irin ta masu neman a ba su bugu. Yana kwance shiru, ya riƙe gwiwa da hannu biyu, ya kafe sama da ido. 'Yan wasan ɗaya ɓangaren ne suka fara ɗaga hannu suna kiran likita.

A asibiti, likitan ƙashi ya duba hoto ya ce jijiyar ta tsinke, ta kuma lalata abin da ke kusa da ita. Ya ce wannan ciwo ba na yau ba ne, ya daɗe, wa ya sani? Bahago bai kama sunan kowa ba. Amma aka tuntuɓi likitan tsohuwar ƙungiya, ya faɗi abin da ya gani da wanda ya nuna wa.

Sabuwar ƙungiyar ta ce an yaudare ta, ta soke kwantiragi, ta janye hannunta daga jinya. A can gida kuma bincike ya ƙare. 'Yan wasa manya da ƙanana suka ba da shaida, ba a sami ko ƙwayar zarra a kan Tsoho ba, aka mai da shi aikinsa. Gidan rediyon ya sake saka muryar Kawu, aka ji ƙazafin da bakinsa, sannan aka karanta sakamakon bincike. Hukumar wasa ta hana Kawu shiga kowane filinta.

Ya koma shago. Masu aiki sun daɗe da kwashe ƙarafunansu sun kai wani wuri. Dogo ya gaji ya buɗe nasa a titin gaba. Iyayen sauran yaran suka zo ɗaya bayan ɗaya suka janye 'ya'yansu. Wani uba ya faɗa masa a fuska, ya ce wanda ya yi wa ɗan ƙanwarsa haka, me zai yi wa nawa? Kawu ya sayar da injin walda da janareta don a yi wa yaron tiyata, abin bai kai ko'ina ba. Aka wayi gari rumfar kwanon nan ba kowa a ƙarƙashinta, wani mai sayar da tayoyi ya karɓi wurin.

Ƙanwarsa ta ɗauke kekenta ta kama ɗaki kusa da asibiti. Ba ta zage shi ba, ba ta yanke zumunci ba. In sun haɗu takan gaishe shi da ladabi. Amma kalmar nan da ta saba faɗa tun suna yara, "Yaya, me ka gani?", bai sake jin ta ba.

Mutumin da ya koya wa rabin masu waldar unguwar aiki ya ƙare yana riƙe ƙarfe a shagon Dogo, ana biyansa a wuni. Dogo bai taɓa wulaƙanta shi ba. Yana ba shi kujera, yana ce masa Kawu kamar da, bai taɓa tuna masa komai ba. Kawu ya ce wannan ya fi zagi zafi.

Ya 'yan uwa, da labarin a nan ya tsaya, da na bar ku da baƙin ciki. Amma Ubangijinmu mai rahama ne, kuma bayinsa na kirki ba su ƙare ba.

Mako guda da komawarsa aiki, Tsoho ya shiga mota ya tafi asibitin. Ya sami Bahago a kwance, uwar tana zaune a gefen gado. Yaron ya gan shi ya rufe fuska da hannu. Tsoho ya janye hannun ya ce, "Ba kuka na zo ji ba. Na yi magana da shugabanni, ƙungiya za ta ɗauki nauyin tiyatar. Za ka dawo wurinmu. Amma wannan karon abin da likita ya ce shi za a yi."

Uwar ta miƙe ta raka shi har ƙofa.

Da Tsoho ya fito, ya ci karo da Kawu a baranda. Kawu ya tsaya yana murza hula a hannu, ya fara cewa, "Malam, ni dai..." Tsoho ya ce, "Nawa na yafe tun kafin ka nema. Amma gwiwar ba tawa ba ce." Ya wuce.

Aka yi tiyata. Bahago ya yi fiye da shekara yana jinya. Ya fara da sanduna, ya koma tafiya a cikin ruwa, ya koma keken motsa jiki, ya koma gudu a hankali shi kaɗai a gefen fili, abokansa suna atisaye a tsakiya. Kyaftin yakan biyo ta gidansu ya ɗauke shi da safe. Ya warke, ya dawo wasa. Amma gudun nan da ake tsoronsa da shi bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Tsoho ya mai da shi baya, inda ake buƙatar ido da natsuwa fiye da gudu. Yau yana buga wasansa, wata rana ya fara, wata rana ya zauna. Ba shi ne tauraron da aka yi zato ba. Yana riƙe da uwarsa, ya yi aure, kuma in aka tambaye shi yakan ce ya gode wa Allah da yake taka ƙasa da ƙafafunsa biyu. Sabon yaro in ya zo ƙungiyar yana ƙunƙuni a benci, shi ke matsawa kusa da shi ya zauna.

Bai yar da kawunsa ba. Duk mako yakan je shagon Dogo ya gaishe shi. Sai dai gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa duka, don haka in zai durƙusa, da ta dama yake durƙusawa, ya miƙe ta hagun gefe guda, tabon ɗinki a fili. Kawu yakan kau da kai ya ce, "Don Allah ka daina durƙusa mini." Shi kuwa ya ce, "Haba Kawu, in ban durƙusa maka ba, wa zan durƙusa wa?"

Haka Kawu yake gani duk mako, kuma haka zai ci gaba da gani.

Shi da kansa ya ce in ba da labarin nan, kada dai in kama suna. Ya tuba, yana kan neman gafara, kuma muna kyautata zaton Allah zai karɓa, domin ƙofar ba ta rufe ba. Amma shagon bai dawo ba, amincewar ƙanwarsa ba ta dawo ba, gudun yaron bai dawo ba. Tuba tana goge zunubi, ba kullum take mai da abin da aka fasa ba.

To, ya 'yan uwa, me muka ɗauka? Malamanmu sun karantar da mu cewa gori yana cinye ladan alheri. Wanda ya riƙe maraya ya yi babban aiki, amma bai saye shi ba. In ka yi wa ɗan uwanka abu don Allah, ka bar shi a wurin Allah. Ranar da ka zaro shi don ka tanƙwara mutum, ka karɓi ladanka a nan, kuma ka ga irin ladan.

Sannan mu koyi gode wa kaɗan. Ba ƙwallo kaɗai ba. Ɗanka ya sami aiki an sa shi a ƙaramin teburi, ka ce an raina shi. 'Yarka tana koyon sana'a an ce ta fara da share shago, ka ce ana bautar da ita. Ka tambaya tukuna. In zalunci ne, akwai hanyar magana ta gaskiya da hujja, ba ta ƙazafi ba. Amma sau da yawa wanda ya ce maka ba yanzu ba, shi ne mai ƙaunarka. Kowannenmu a nan akwai wanda ya taɓa riƙe shi a baya lokacin da yake ɗokin gaba, malami ne, ko mai gida, ko uwa. Mun ji haushinsu a lokacin. In suna raye, mu je mu gode musu tun suna ji. In sun rigaye mu, mu sa su a addu'a yau.

Ni kam ina gode wa Allah da ya bar mana irin dattijon nan da aka ɓata wa suna ya rama da jinya, da irin matashin nan da aka cuta bai yanke zumunci ba, da irin yaron shagon nan da ya ba maigidansa kujera. Muddin akwai irinsu a cikinmu, ba mu taɓe ba.

Ya Allah, mun gode maka a kan abin da ka ba mu, da abin da ka jinkirta mana, da abin da ka hana mu don ka fi mu sanin ƙarfinmu. Ka tsare harsunanmu daga gori da ƙazafi. Kada ka sa mu zama sanadin karyewar waɗanda ka ba mu amanarsu. Ka gafarta wa bawanka da ya tuba, ka ƙara wa yaron nan lafiya, ka saka wa duk wanda ya yi haƙuri da mu muna koyo. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na hannunmu daga sharrin kawunanmu. Amin.